Ziyarata gidan Frederick Douglass a Anacostia

Ɗan yayata da ke karatu a Washington ne ya matsa, wai ba zan koma gida ban ga Cedar Hill ba, wato gidan Frederick Douglass, ɗan gwagwarmayar yaƙi da bauta a Amurka. Muka hau jirgin ƙasa na layin kore zuwa Anacostia, muka ƙarasa gidan da ke kan titin W. Shiga kyauta ne, dala ɗaya kawai ya biya ta intanet don a ajiye mana gurbi. Ba a shiga cikin gidan sai da jami'in da ke zagayawa da baƙi.

Abin da ɗan yayata bai faɗa mini ba shi ne matakala 85 da ke tsakanin ƙofa da gidan. Na tsaya hutawa sau biyu, shi kuwa sai dariya yake, yana cewa "Kawu, saura kaɗan." Da na isa saman tudun na juya, sai ga ƙubbar majalisar dokokin Amurka can tsallaken kogi. A nan na yi shiru. Mutumin da aka haifa bawa a Maryland, ya gudu a 1838, shi ne ya sayi wannan wuri a 1877 a kan dala 6,700, a unguwar da a da aka hana sayar wa baƙar fata gida. Kullum da safe majalisar na gabansa.

Ciki ya fi burge ni. Douglass ya ƙara ɗakunan daga 14 zuwa 21, kuma yawancin kayan nasa ne na asali. Ɗakin karatunsa cike yake da littattafai, teburinsa na nan. Ga gogensa na Turawa da yake kaɗa wa jikokinsa. Ga sandar tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln da matar Lincoln ta ba shi bayan an kashe mijinta. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ƙarafunan motsa jiki ne da ke ajiye a ɗakin kwanansa. Dattijo mai furfura yana ɗaga ƙarfe! Na dubi cikina na ji kunya.

A bayan gida akwai ɗan ɗakin dutse da yake keɓewa don rubutu, an sake gina shi. Leƙawa kawai na yi.

A cikin gidan nan ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1895, bayan ya dawo daga taron neman 'yancin mata. Matarsa ta biyu, Helen Pitts, ita ta dage kada a sayar da gidan, daga baya ƙungiyoyin mata baƙar fata suka riƙe shi har gwamnatin tarayya ta karɓa a 1962.

Zagayen kamar rabin awa ne, don haka ka shirya tambayarka tun kafin ka shiga. Mai ciwon gwiwa ya nemi hanyar da ta zagaya tudun. Ni sai da muka sauko na gan ta.