Ɗaure bel ko sanya mai: wanne na'urar gudu take buƙata idan ta fara cijewa?

Ɗan'uwa, ka ce na'urar gudu da kake motsa jiki a kanta ta fara cijewa duk lokacin da ka sauke ƙafa, kamar bel ɗin da kake takawa ya tsaya na ƙiftawar ido sannan ya ci gaba, kuma wani ya ba ka shawarar ka ƙara ɗaure shi, wani ya ce mai ne ya ƙare. Kowace shawara tana da wurinta, sai dai matsaloli biyu ne daban, ko da yake abin da ƙafa take ji kusan iri ɗaya ne.

Ɗaurewa maganin bel ne da ya saki. Injin yana juya rolar gaba, wato mulmulalliyar sandar da bel ya zagaye, ita kuma take jan bel, don haka idan bel ya yi sako-sako sai rolar ta riƙa juyawa a cikinsa ba tare da ta kama shi ba. Mai kuwa maganin gogayya ne tsakanin bel da katakon da ke ƙarƙashinsa, domin idan wurin ya bushe nauyin jikinka yana manne bel da katako a kowane taku, injin ya yi ta fama kafin ya ja.

Kafin ka taɓa komai, ka cire filogi daga soket, ka ɗaga gefen bel a daidai tsakiyar tsawonsa. A yawancin na'urorin gida ya kamata ya tashi kimanin santimita 5 zuwa 7. Idan ya wuce haka sosai, ya saki. Daga nan ka zura hannu ƙarƙashinsa har wajen da ƙafa take sauka. Idan yatsunka sun fito da ɗan maiƙo, akwai sauran mai. Idan sun fito a bushe, ko ka ji katakon da zafi bayan ɗan gajeren gudu, ko kana jin ƙaurin roba, to bushewa ce.

Aikin ɗaurewa yana bayan na'ura, inda ake da sukuru biyu, dama da hagu, waɗanda ake juyawa da alanki, wato ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar harafin L. Ana juya kowanne kwatan zagaye ta yadda hannun agogo yake tafiya, daidai wa daida, sannan a kunna na'urar a kan gudun kilomita 5 a awa, a hau a gwada. Idan bai isa ba a ƙara wani kwatan. Da waɗannan sukurun ake gyara bel da ya karkata: idan ya tafi hagu a ɗan ɗaure na hagu, a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana juyawa kafin a sake taɓawa, saboda bel ba ya komawa tsakiya nan take. Ka duba kuma ko na'urar tana zaune daidai a ƙasa, domin daɓe mai gangara ma yana sa bel ya karkata.

Sanya mai ya fi sauƙi, amma yana da sharaɗi mai tsauri. Man silikon zalla ake sawa, a ƙarƙashin bel, a tsakiyar katako, sannan a yi tafiya a hankali na 'yan mintuna don ya bazu. Man inji, giris, ko feshin WD-40 da aka saba da shi duk suna da sinadarin fetur da ke lalata bel. Akwai kuma na'urorin da aka shafe katakonsu da kakin masana'anta, waɗanda ba a sa musu silikon, shi ya sa dole ka duba littafin da ya zo da taka. Ga masu buƙatar mai, kamfanoni da yawa suna cewa a sa duk bayan wata uku idan ana aiki da na'urar a kai a kai.

Inda nake ganin bambancin ya fi nauyi shi ne wajen kuskure. Idan ka cika mai, bel zai yi santsi, man ya ɓulɓulo ta gefe, ka goge shi da tsumma a wuce wurin. Idan kuwa ka ɗaure bel alhali bushewa ce take damunsa, cijewar za ta iya raguwa har ka ɗauka ka gyara, amma gogayyar tana nan, ka kuma ƙara wa boris ɗin rola nauyi, injin ya riƙa jan wuta fiye da ƙima har allon da ke sarrafa shi ya ƙone, kuma wannan yana cikin sassan da suka fi tsada. Saboda haka ni ina ganin ka fara da share ƙura da sanya mai, kada ka kai hannu ga sukuru sai gwajin ɗagawa ya nuna maka bel ya saki.

Idan ka yi duka biyun cijewar ba ta daina ba, ka cire filogi ka buɗe murfin gaba. Akwai ƙaramin bel mai kama da fambel da ya haɗa injin da rolar gaba. Ka mayar da wuta, ka kunna a gudu mafi ƙanƙanta, wani ya taka yana riƙe da hannuwan na'urar, kai kuma ka tsaya gefe kana kallo ba tare da ka kai hannu ciki ba. Idan rola ta tsaya injin yana juyawa, ƙaramin bel ne ya gaji. Idan rola tana juyawa babban bel ya tsaya duk da an ɗaure shi daidai, to cikinsa ya cinye, sai a canza shi, a kuma duba fuskar katakon kafin a ɗora sabo.