Lisinopril ya sauke min jini, amma ya hana ni ɗaukar jikata ranar suna

Wata huɗu na yi ina shan lisinopril mai lamba 10, maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kullum bayan sallar asuba. Ba zan zalunce shi ba, aikin da aka ɗora masa ya yi. Ranar da likita ya rubuta min shi jinina yana 168 bisa 102, ƙeyata kamar an aza dutse. Kafin wata ya zagayo ya sauko 138 bisa 88. Ko'ina ana samunsa, kuɗinsa kuma kun sani. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi, yabo kawai za ku karanta.

A mako na uku tari ya kama ni. Lokacin hunturu ne, sai na ce ƙura ce. Busasshen tari, babu majina babu zazzaɓi, kamar an maƙala min ƙaiƙayi a maƙogwaro, kuma da na kwanta yake tashi. Na sha zuma da citta, na tauna kanumfari, na shanye kwalba uku na maganin tari. A kemis ɗin da nake sayen lisinopril ɗin na sayi dukkansu, hannu ɗaya ke miƙo min su, ko sau ɗaya bai tambaye ni komai ba. Kati-kati yake yanko min, ban taɓa ganin kwalin ba balle takardar ciki.

Da aka shiga wata na uku ina ramewa saboda rashin barci, uwargida ta fara tsoron tarin fuka. Ba ta faɗa ba. Na dai lura kofina da cokalina sun koma kan taga su kaɗai. Na je aka ɗauki hoton ƙirji, aka ba ni 'yar roba in kawo kaki, na yi ta ƙoƙari abu ya ƙi fitowa. Ana cikin haka babbar 'yata ta haihu, jikata ta fari. Ranar suna aka fito da ita cikin farin tawul, surukina ya miƙo min, na haɗe hannuwana a baya na ce a wuce da ita. Daga bakin ƙofa na yi mata addu'a, ina toshe baki da hankici. Na koma ɗaki na zauna, hawaye suka zubo min.

Da yamma 'yar yayata, wadda likita ce, ta leƙo gaishe ni. Ta saurari tarin, ta ce, "Kawu, wane maganin hawan jini kake sha?" Na ciro katin daga aljihu. Tana gani ta ce, "Kawu, ina kyautata zaton ga tarinka nan a hannunka."

A bayan wata ambulan ta zana min da biro. Ta ce a cikin jini akwai wasu 'yan gajerun sarƙoƙin furotin, feftayid, masu sa jijiya ta tsuke ko ta saki. A bangon jijiyoyin huhu kuma akwai wani sinadari mai yawa da ake kira ACE, aikinsa biyu. Yana datse anjiyotensin na 1 mai gaɓa 10 ya mayar da shi anjiyotensin na 2 mai gaɓa 8, wanda ke matse jijiyoyi jini ya hau. Shi ne kuma ke farfasa biradikinin mai gaɓa 9, wanda ke buɗe su. Lisinopril yana ɗaure wannan sinadarin, sai mai matsewa ya ragu, mai buɗewa ya taru. Taruwar da biradikinin ya yi a hanyar numfashi ita ke sosa maƙogwaro. Abin da ya sauke min jini shi ya hana ni barci.

Na yarda da ita, har abin ya burge ni da ta ce asalin dangin maganin daga dafin wani maciji ne na Birazil, jararaka. Sergio Ferreira ne ya gano a 1965 cewa dafin yana ƙara wa biradikinin ƙarfi, daga nan aka kai ga captopril, na farko a dangin, wanda ya shiga kasuwa a 1981. Ta ce ga mai ciwon suga ko matsalar ƙoda magani ne mai daraja, kuma yawancin masu shansa ba sa tari. Na ji zuciyata ta ɗan sauko.

Sai ta ƙara da abin da ya sake tayar min da hankali. Wai wannan biradikinin ɗin kan kumbura leɓe da harshe har numfashi ya toshe, kuma ya fi samun baƙar fata. Mai ciki ma ba ta shan maganin. Ta ambaci binciken da Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda ya fito a 2019, inda haɗin magungunan da ke da amlodipine, wani maganin hawan jini na daban, ya fi wanda babu shi sauke jini. Ni ba ni da suga, ƙodata lafiya. To me ya hana wanda ya rubuta min ya ce, "Malam, in ka ji tari ka dawo"? Ko minti ɗaya maganar ba za ta ci ba.

Ta hana ni dainawa da kaina. Washegari ta raka ni asibiti, aka mayar da ni amlodipine. Hoton ƙirjin ya fito fes. Kwana 12 tarin ya ɗauke. Sabon yana ɗan kumbura min idon sawu da yamma, amma ina barci har asuba.

Jikata tana da kwana 20 na fara ɗaukarta. Jiya aka turo min hotunan suna ta WhatsApp, na duba su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana rungume da ita, ni babu ni ko a ɗaya.