Hattara da masu sayar da yis na jabu ga masu dafa giyar pale ale a gida

Akwai wata damfara da ke yawo a shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na masu haɗa giya a gida: mutum zai sa hoton fakitin yis na gaske, ya ce yana da SafAle US-05 ko Nottingham, wato nau'o'in busasshen yis na giya, a rabin kuɗinsa, sai an tura kuɗi kuma a aiko da ƙulli a farar leda mai zif, an manna mata takarda da sunan yis ɗin. Idan an yi magana ya ce ai babban ƙunshi ya sayo ya rarraba don sauƙi.

Ko da gaskiya yake faɗa, kayan sun riga sun samu matsala. Kamfanin Fermentis na Faransa yana fitar da US-05 da S-04 a ƙaramin fakiti mai giram 11.5, da babban ƙunshi mai giram 500 wanda aka zuƙe wa iska har ya yi tauri. Kamfanin da kansa ya ce idan an buɗe a rufe, a sa a firji, a ƙarar cikin kwana 7. Ƙunshi ɗaya yana ba da ƙulli sama da 40. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar da su duka cikin mako guda? Sauran suna nan suna shan iska da laima, kuma cokalin da ake ɗiba da shi yana zuba musu ƙwayoyin cuta da yis na daji.

Mafi muni shi ne wanda ke cika ledar da yis na burodi, ko ya gauraya. Ido ba ya rarrabewa, domin duka biyun jinsi ɗaya ne, Saccharomyces cerevisiae, ƙwayoyin ma kala ɗaya. Kuma yis na burodi zai tashi, har ya yi kumfa sosai, shi ya sa mai saye ba ya ganewa sai bayan mako biyu ko uku, lokacin da tsiron sha'ir da furen hofs mai ba giya ɗaci da ƙamshi, waɗanda su ne masu tsadar, sun riga sun tafi. Pale ale irin ta Amurka tana son yis mai tsabtar aiki, wanda ba ya rufe ƙamshin hofs, wannan ne dalilin da ya sa ake zaɓar US-05. Irin ta Ingila kuwa ta fi dacewa da S-04 ko Nottingham, masu saurin kwanciya a gindin mazubi su bar giyar garau. Na burodi ba ya kwanciya da kyau. Giyar za ta zauna gurɓace, sau da yawa da warin ƙullun burodi ko na kanumfari.

Yis ɗin da na daji ya shiga cikinsa yana da haɗarin da ya wuce ɗanɗano. Akwai yis na daji da ke ci gaba da cinye sukarin da yis na giya ke bari, a hankali, bayan an riga an ɗura a kwalba. Iska ta taru, kwalba ta fashe, ko murfi ya tashi da rabin giyar.

Kafin ku biya, ku nemi hoton bayan fakitin da za a aiko muku, mai ɗauke da lambar rukunin da aka sarrafa da ranar ƙarewar aiki. Waɗannan ana buga su ne a jikin fakitin, ba a manna su. Idan kun ga takarda a kan wurin kwanan wata, an rufe tsohon ne. Fakitin Nottingham na kamfanin Lallemand giram 11 ne, kuma yana zuwa a matse. Idan ya yi laushi ƙwayoyin suna kaɗawa a ciki, iska ta shiga. Ku tambayi inda ake ajiye kayan. Busasshen yis yana jure 'yan kwanaki a hanya, amma ba ya jure watanni a shago mai rufin kwano lokacin bazara. Na ruwa kuwa, irin su Wyeast 1056 da WLP001, ba a ma maganarsa: wanda ya ce zai aiko da shi ta mota babu ƙanƙara, mai yiwuwa gawa zai aiko.

Idan kaya sun riga sun zo kuma kuna shakka, kada ku zuba a cikakken dahuwarku ta lita 20. Ku tafasa giram 100 na busasshen garin sukarin tsiron sha'ir (DME) a lita 1 na ruwa na minti 10, ku bari ya huce zuwa digiri 20. Haidiromita, wato ma'aunin kaurin sukari a ruwa, za ta nuna wajen 1.040. Ku zuba giram 1 na yis ɗin a kwalba mai tsabta, ku sa murfin fitar da iska, ku ajiye tsakanin digiri 18 zuwa 22. Mai rai zai nuna kumfa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Bayan mako ku sake aunawa. US-05 na gaske yana cinye kashi 78 zuwa 82 cikin ɗari na sukarin, wato awon zai sauko wajen 1.007 zuwa 1.009. Idan ya tsaya a 1.020, yis ɗin ya raunana. Idan ya ci gaba da sauka zuwa 1.002, ko ruwan ya yi tsami, ko wata farar yana ta fito a samansa, akwai baƙo a ciki, a zubar.

Sai dai zafi ma yana ɓata sakamako. US-05 na gaske idan ya yi aiki a ɗaki mai digiri 32 zai ba da wari mai kaifi irin na fenti, kuma wannan laifin ɗakin ne. Wanda ba shi da hanyar sanyaya mazubinsa gara ya nemi Voss, yis ɗin kveik na ƙasar Norway, wanda ke aiki lafiya daga digiri 25 har 40. Shi ma a karɓe shi a fakitinsa na asali, a rufe, kuma in da hali a biya bayan an riƙe shi a hannu an duba bayansa.