Scarlatti ko Couperin: da wa za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kiɗan hafsikod zalla ya fara shiga ranka, kana tambaya tsakanin Domenico Scarlatti da François Couperin wa za ka fara saurara. Ni dai shawarata Scarlatti.

Hafsikod kayan kiɗa ne da ake dannawa da yatsu kamar fiyano, amma ba ya dukan tsirkiya da guduma irin na fiyano. Wani ɗan tsinke ne, wanda a da ake fiƙewa daga gashin tsuntsu, yake fizgar ta ya saki, kamar yatsan mai molo. Ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, amon kusan ɗaya ne, kuma ba ya daɗewa. Scarlatti da Couperin kowannensu da dabarar da ya bi ya shawo kan wannan.

Scarlatti da gudu ya bi. Haifaffen Napoli ta Italiya ne a 1685, ya koyar da gimbiya Maria Barbara ta Fotugal, ya bi ta Sifaniya da aka yi aurenta a 1729, can ya rasu a Madrid a 1757. Ya bar gajerun kaɗe-kaɗe 555 da ake kira sonata. Hannun hagu ya tsallake na dama, amo guda ya yi ta maimaituwa, sai ka rantse jitar Sifaniyawa ce. Nemi sonata mai lamba K. 141, tun ji na farko za ta kama ka. Makaɗin hafsikod Scott Ross ya naɗe dukkansu a 1984 da 1985, faifai 34.

Couperin kuwa, mutumin Faris, makaɗin fadar Sarki Louis na 14, da ado da jinkiri ya bi. Yakan ɗan riƙe amo kafin ya sake shi, ya karkaɗa wani, ya warwatsa waɗanda ya kamata su fito tare, har kunne ya ɗauka kiɗan yana tashi yana sauka, alhali na'urar ba ta iya hakan. Littattafai huɗu na kiɗan hafsikod ya fitar tsakanin 1713 da 1730, kowane ado da alamarsa, kuma a gabatarwar na uku, a 1722, ya koka da makaɗan da ba sa bin alamomin. Gaskiyarsa ce, domin in aka taɓa adon, kiɗan ya lalace. Shi ya sa Scarlatti yake daɗi ko a fiyano, shi kuwa Couperin yakan rasa armashi.

Ni Couperin ya fi kwanta mini a rai, sai dai yana buƙatar kunnen da ya saba. In ka ɗan jima da Scarlatti, ka saka Les Barricades mystérieuses daga littafi na biyu, ka bi hannun hagu da kunnenka.