Sharhi: Karatun Attaura na Mako-Mako a Manhajar Sefaria, Daga Bakin Mai Shagon Hatsi

Sefaria ɗakin karatu ne na kyauta a intanet, yana kuma da manhajar waya. An tara littattafan addinin Yahudawa a cikinsa, Ibrananci a gefe guda, fassarar Turanci a ɗaya gefen. Wasu Amurkawa biyu, Joshua Foer da Brett Lockspeiser, su suka soma aikin a 2011, kuma da gudummawar jama'a yake tafiya, shi ya sa ba a biyan ko sisi, ba kuma tallan da zai tsallo maka kana cikin karatu. Ni Kirista ne, ina sayar da hatsi da mai a Jos, kuma na daɗe ina son in san yadda mutanen da aka ba littattafan Musa suke karanta su a tsakaninsu. Abin da ya kai ni ke nan, kuma ɓangare ɗaya na riƙe a cikin duk abin da ke ciki, wato karatun mako-mako da suke kira Parasha.

Yahudawa sun raba littattafai biyar na Attaura kashi 54. Kowace Asabar ana karanta kashi ɗaya a majami'a, wani makon a haɗa biyu, har a sauke cikin shekara guda. Ranar bikin da suke kira Simhat Tora, wajen watan Oktoba, suke karanta ƙarshen Maimaitawar Shari'a, nan take su koma farkon Farawa. Manhajar tana nuna maka kashin wannan makon, kuma da yake kowane kashi a yanke yake gida bakwai, sai na mai da shi gida ɗaya kowace safiya kafin in buɗe shago. Nakan ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa kusa da wayar, in fara karanta ayoyin da harshena, sannan in duba abin da malamansu suka ce.

Amfanin farko da na gani shi ne ba ni nake zaɓar abin da zan karanta ba. Mutum in an bar shi da son ransa, wuraren da ke yi masa daɗi yake komawa kullum, labarin Yusufu, ƙetare teku, alkawuran albarka. Wannan jadawalin kuwa sai ya kai ka inda ba ka taɓa tsayawa ba. Da ba don shi ba, ban ga abin da zai zaunar da ni a kan Littafin Firistoci sura 19 ba, ga shi kuwa nan ne kasuwata take kwance gaba ɗaya.

In ka taɓa aya da yatsa, sai wani shafi ya buɗe da duk inda aka yi magana a kanta: sharhin malamai, Mishna (tarin dokokinsu na baka) wadda aka tattara wajen shekara ta 200, Talmud (muhawarar malamansu a kan Mishna), da littattafan shari'a na baya. A nan darajar manhajar take. Aya ta 14 a Firistoci 19 ta ce kada a sa abin tuntuɓe a gaban makaho. Na sha wuce ta ina cewa ai wannan sai mara imani. Rashi, malamin da ya rayu a garin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya ce makahon ya haɗa da wanda bai san kan wani al'amari ba, abin tuntuɓen kuma shawarar da ba ta amfane shi. Misalin da ya bayar shi ne ka ce wa mutum ya sayar da gonarsa ya sayi jaki, alhali kai kake hararar gonar. Duk ɗan kasuwa ya san wannan mutumin. Manomi ne da ya shigo gari da buhunan masara bai san farashin yau ba, ya tambaye ka ko ya sayar yanzu ko ya jira. Mace ce da ta zo sayen wake na biki, ba ta iya bambanta sabo da wanda ya kwana shekara ba. Tun da na karanta wannan, in aka tambaye ni shawara a kan abin da nake da riba a ciki, nakan faɗa tun farko cewa ni ma ina da ruwa a maganar, sannan in faɗi gaskiyar abin da na sani.

Ƙarshen surar ya zo kan ma'auni na gaskiya. Nan ne na ga irin tsanakin waɗannan mutane. Mishna, a sashen Bava Batra, ta ce mai shago ya goge ma'aunansa sau biyu a mako, duwatsun awo sau ɗaya a mako, sikeli kuwa bayan kowane awo. Dalili a fili yake ga wanda ke sayar da man ja: man yana daskarewa a gindin gwangwani, sai ka wayi gari kana rage wa mai saye ba tare da ka yi niyya ba. Na sa yaron shagona ya kankare gwangwanin awonmu a kan faranti, abin da ya fito ya kusa cika cokali biyu, ja-ja-wur, ya yi tauri. Cokali biyu a kowane awo, daga safe zuwa yamma, haƙƙin mutane ne mai yawa. Yanzu Litinin da Alhamis ruwan zafi muke sa wa ma'aunan. Da na ba maƙwabcin shagona labari, wani Alhaji mai sayar da shinkafa, sai ya ce, “Ai mu ma sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, Mutaffifin.” Muka jima muna wannan hira, kuma na ji daɗinta ƙwarai.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne batun ladan ma'aikaci. Aya ta 13 a wannan sura ta Firistoci ta hana kuɗin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, Maimaitawar Shari'a 24 kuma ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, don talaka ne, ransa na kan kuɗin. Bin wannan zaren ya kai ni sashen Bava Metzia na Talmud, inda a shafi na 83 aka kawo labarin wasu 'yan dako da suka fasa wa wani malami tulun ruwan inabi. Ya ƙwace rigunansu. Suka kai ƙara wurin babban malami Rab, ya ce a mayar musu. Suka ce su matalauta ne, sun wuni suna aiki, ga yunwa, ba su da komai. Rab ya ce a biya su ladansu. Mai kayan ya tambaya ko haka shari'a ta ce, sai aka amsa masa da Karin Magana 2:20, wadda ke cewa a bi hanyar mutanen kirki.

Ba a daɗe ba wani dattijo da ke mana dako ya zame a kan ruwan sama, jarkar man ja ta kuɓuce masa, murfin ya balle. Ya tsuguna yana kwasar man da tafin hannu yana mayarwa, ƙasa da tsakuwa duk sun shiga, hannunsa na rawa. “Maigida, ka yi haƙuri, ka cire a kuɗina,” ya ce. Kuɗin nasa na mako guda ba zai biya jarkar ba. Na ce, “Baba, tashi ka wanke hannu, ƙaddara ce.” Da yamma na ba shi kuɗinsa cif. Yaron shagon bai ji daɗi ba, ya ce gobe kowa zai yi sakaci, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don asarar ta shiga jikina. Amma har yau dattijon shi ne ya fi kowa lura da kayanmu.

Akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar shiga ya sani. Da Turanci ko Ibrananci ake amfani da manhajar, kuma wasu sharhohin da Ibrananci kaɗai suke. Ɗakin karatu ne, ba malamin da zai kama hannunka, don haka aya guda za ta iya buɗe maka ƙofofi masu yawa har ka rasa ta bi. Shawarata a tsaya kan Rashi tukuna, sai in aya ta riƙe ka sannan ka zurfafa. Lambobin ayoyi ma wani lokaci sukan saɓa da na Littafinmu da aya ɗaya ko biyu. Makonnin hadayu da dokokin cututtukan fata suna da nauyi, ba kowane mako ne zai ba ka abin ɗauka zuwa kasuwa ba, kuma ban ga amfanin matsa wa aya ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Kafin wannan na taɓa karɓar wata wasiƙar mako-mako ta imel wadda rabinta siyasa ce da roƙon kuɗi, na daina. A nan nassi da sharhinsa na tarar, shi nake nema.

Abu guda da nake roƙon 'yan'uwana Kirista da Musulmi su riƙe shi ne mu baƙi ne a wannan karatu. Malaman nan da mutanensu suke magana, a kan shari'ar da suke ɗauka tasu ce, kuma akwai wuraren da fahimtarsu ta rabu da tamu nesa. Ban bar bangaskiyata ba, ba wanda ya nemi in bari. Ina karantawa da ladabi, in ɗauki abin da ya gyara mini mu'amala, in kai tambayoyina wurin fastona.

Ga mai sana'a da ke da ma'aikata ko ma'auni a hannunsa, ina ba da shawarar wannan manhaja ba tare da shakka ba. Ana iya sauke littattafan a waya a karanta ba data, abin da ke da amfani a inda sabis ke ɗaukewa. Wanda ba zai iya jiran Oktoba ba, ya nemi kashin da ake kira Kedoshim, mai ɗauke da Firistoci 19, wanda ke zuwa wajen Afrilu ko Mayu, ko Ki Tetze na wajen Agusta da Satumba, inda aka hana karɓar dutsen niƙa jingina aka kuma ce mai bin bashi ya tsaya a waje, kada ya shiga gidan wanda yake bi. A duba saitin kalanda kuma, don wasu shekarun jadawalin Isra'ila yakan sha gaban na sauran ƙasashe da mako guda na ɗan lokaci.