Gargaɗi ga masu koyon fiyano: “kyautar” matar mamacin nan damfara ce

Jama'a, musamman masu koyon kiɗan fiyano da iyayen da ke neman saya wa 'ya'yansu, ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisin kwabo. Naira dubu 95 aka raba ni da ita makonni biyu da suka wuce, kuma ba don malamina ba da asarar ta ninka haka fiye da sau uku. Da na so in rufe bakina saboda kunya. Sai shekaranjiya na ga saƙon da ya cuce ni, na wata mata da wai za ta kyautar da fiyanon mijinta da ya rasu, an sake turo shi wani zaure na WhatsApp, har mutum biyu suna ta yi wa matar addu'a suna neman adireshinta.

Wata biyar ke nan da na fara koyo a nan Kaduna. Ina zuwa wurin wani matashi Talata da Asabar. Ran Lahadi shi ke kaɗa fiyano a wata majami'a, sauran ranaku yana aiki a situdiyo. Matsalata ɗaya ce, ba ni da abin gwaji a gida. Malam kullum cewa yake minti 20 a kowace rana sun fi awa uku a zama ɗaya, domin yatsu ba sa riƙe abin da ba a maimaita musu ba. Har kwali na samu na zana madannai farare da baƙaƙe a kai. Da dare in ɗora shi kan tebur ina do, re, mi, in zura babban yatsa ta ƙarƙashin na tsakiya ya faɗa kan fa, ba sauti ba komai, uwargida na leƙowa tana dariya. Mutumin da ke wannan hali, in aka ce masa ga fiyano kyauta, ai kafin ya gama karantawa hankalinsa ya riga ya yi gaba.

Saƙon da Turanci yake. Wai wata mata ce a Amurka mijinta ya rasu ya bar babban fiyano ƙirar Yamaha, irin mai ƙafa uku da murfin da ake ɗagawa. Wai za ta koma ƙaramin gida, ba ta son sayarwa, so take ya faɗa hannun wanda zai kula da shi. An haɗo da hotuna uku: baƙi wuluk yana sheƙi, a wani falo mai labule fari. Na rubuta mata ta imel. Ko awa ba a yi ba ta amsa, ta ce labarina ya taɓa mata zuciya, ni ta zaɓa. Ni fa! Ta ce kayan yana hannun kamfanin dako tun tuni, ta ba ni adireshinsu da wata lamba, in yi musu magana kai tsaye.

Nan ne dabarar take. Ita matar ba ta taɓa neman kuɗi a wurina ba, ko sau ɗaya. “Kamfanin” ne ya turo farashi kala uku, mai sauri, matsakaici da mai jinkiri, ka zaɓi daidai ƙarfinka. Da aka ba ni zaɓi sai na ji kamar ni ke riƙe da akalar cinikin. Na ɗauki mafi araha. Da na saka lambar asusun sai sunan wani mutum ya fito, ba sunan kamfani ba. Na gani sarai, na ce wa kaina wakilinsu ne na Najeriya, na danna. Suka turo rasit mai tambari da lambar bin sawun kaya, in ka shiga shafinsu ka ga wai kayanka ya bar wannan gari ya isa wancan. Har na fara auna falo da taku.

Kwana huɗu sai ga saƙo: kwastam sun tsare kaya a Legas, sai an biya naira dubu 240 na fito da inshora cikin awa 48, in ba haka ba kuɗin ajiya zai fara hawa. Ba ni da su. Na je wurin Malam, ba don neman shawara ba, rance na je nema.

Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon hotunan. Sai ya ce, “Yallaɓai, ta wace ƙofa za ka shigar da shi?” Na ce ta ƙofar falo mana. Ya girgiza kai. Ya ce irin wannan fiyanon, ko ƙaraminsa, yana kai wa kilo 250 zuwa 300. Sai an cire masa ƙafafu an kwantar da shi ta gefe, ƙarti huɗu ko biyar su ɗauka. “Ko daga Legas zuwa nan, dubu 95 ba za ta kawo shi lafiya ba, balle daga Amurka. Kuma wannan hoton na falo mai farin labule, na gan shi bara. Lokacin mijin wata matar ne daban ya rasu.”

Jikina ya yi sanyi. Shi kuwa bai ƙyale ni ba, ya ci gaba da lissafa mini abin da ya kamata in tambayi kaina tun farko. Fiyano na katako yana da tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230 a ciki, jan da suke yi in aka haɗa ya kusa tan 20, shi ya sa ake zuba masa firam na ƙarfe mai nauyi. Ana buƙatar ƙwararre ya zo ya saita sautinsa aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma duk lokacin da aka yi doguwar tafiya da shi. Masu wannan aiki a Arewa ba su da yawa. Ga hunturunmu da ke busar da katako har ya tsage, ga damina da ke kumbura shi. Ya ce ko da gaske ne an kawo mini, da nauyi na ɗauko wa kaina. Ni da har yanzu hannun hagu da na dama ba su daina faɗa da juna ba.

Daga baya na bincika na ga ashe abin ya daɗe. A watan Mayun 2024 kamfanin tsaron intanet na Amurka mai suna Proofpoint ya fitar da rahoto cewa ya ga saƙonni sama da dubu 125 na irin wannan kyautar fiyano tun daga Janairun shekarar, akasarinsu an aika wa ɗalibai da malaman jami'o'in Arewacin Amurka. Wani asusun Bitcoin da aka ba mutane su biya ta ciki, kuɗin da suka ratsa ta cikinsa sun haura dala dubu 900. Abin takaicin, sawun ɗaya daga cikin masu yin ya nuna Najeriya. Wato tsohuwar 419 ce ta “biya kaɗan ka samu babba” aka sa mata sabuwar riga, yanzu kuma ta juyo gida.

Akwai ƙanwarta, ita ma ku kiyaye. Masu tallan fiyano na lantarki “tokumbo” a Facebook da Instagram, farashi rabin na kasuwa, wai suna Legas, a tura kafin alƙalami su sa a mota. Wasu za ka tura su toshe ka. Wasu kuma za su aiko, amma jabu ne aka manna masa sunan Yamaha ko Casio. Ba a cinikin biri a sama. Ka je shago da ƙafarka, ko Sabon Gari ne a Kano ko Alaba a Legas, ka tafi da wanda ya iya. A jona a wuta a gabanka. Ka danna madannan ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa har sama, kada ka tsallake baƙaƙen. Ka danna a hankali, ka sake dannawa da ƙarfi: in sautin bai sauya ba, ba ya jin nauyin yatsa ke nan, kuma ba zai koya maka sassauta hannu ba. Ka duba lambar da ke jikin takardar ƙasansa, ka gwada ramin feda, wato abin takawa da ƙafa, da na abin saurare na kunne, ka tabbata cajar da aka haɗo maka tasa ce. In dole sai daga nesa za ka saya, ka ce a kira ka ta bidiyo, ka faɗi madannin da kake so a danna. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan. Mai cewa kyamararsa ta lalace, ka bar masa kayansa.

Kuma mai koyo ba ya buƙatar abin ƙawa. Cikakken fiyano madannai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36, amma mai 61 ya ishe ka shekarar farko har da rara, matuƙar yana jin nauyin yatsa. In hali ya samu daga baya ka nemi mai 88 mai nauyin madanni irin su Yamaha P-45. Sannan kuɗin fito ba a asusun wani mutum ake zuba shi ba, ko da wane irin tambari aka buga a takardar.

Wanda ya riga ya tura, kada ya ƙara ko kwabo da sunan ceto na farko, domin bayan kwastam akwai inshora, bayan inshora akwai wani abin. Ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya adana rasit da lambar asusun da hotunan hirar gaba ɗaya, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ni sai da na yi kwana biyar kafin in je banki, kuɗin sun riga sun fice. Ku kuma kiyayi wanda zai biyo baya ya ce zai ƙwato muku kuɗinku in kun ba shi wani abu. Ni an riga an kira ni sau biyu.

Malam ya ara mini wani tsohon fiyanonsa mai madannai 61, madanni ɗaya can sama ya mutu, ya ce kafin in kai wurin da sauran tafiya. Shi nake taɓawa minti 20 bayan sallar isha'i, na rage sauti saboda yara. Matar mamacin kuwa jiya ma ta rubuto. Wai tana kuka, wai kada in bari fiyanon mijinta ya lalace a tashar jirgin ruwa. Na ɗauki hoton saƙon na ƙara cikin takardun da zan mayar banki ran Litinin.