Gargaɗi kan macucin da ya sayar min da kifi 12 don tankin lita 20

Jama'a, har yanzu raina tafasa yake. Akwai wani mutum da ke tallar kifin ado a Facebook da WhatsApp, kullum cikin saka bidiyon tankuna masu haske, kifaye kala-kala suna yawo. Macuci ne. Ya karɓe kuɗina cif, ya aiko min da kifi 12 in zuba a tankin lita 20, alhali ya san sarai ba za su rayu ba. Kifi 12 a lita 20! Kuma shi da bakinsa ya ce sun yi daidai.

Kada wani ya ce min ban yi tambaya ba. Na yi. Saƙona na farko yana nan ban goge ba. Na gaya masa tankin ƙarami ne, lita 20, na yara ne, na ɗauki hotonsa na tura masa har da awon tsawo da faɗi. Na ce ƙananan kifi nake so irin gufi, waɗanda ba sa wuce santimita 5 ko 6. Ya ce gufi sun ƙare, amma yana da wani haɗi da ya fi su kyau. Na ce masa za su girma? Sai ya turo saƙon murya: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, waɗannan irin wada ne. Kuma shi kifi daidai gidansa yake girma, ba ya wuce tankinsa. Tsakanina da ke amana ce." Wannan muryar na saurare ta har na haddace. A natse yake magana, ba garaje, ba in-ina. Wa zai ji haka daga wanda ya ce sana'arsa ke nan, ya kawo wa ransa ƙarya ce? Na tambayi abin da ya kamata mai saye ya tambaya, shi ne ya zaɓi ya yi min ƙarya.

Ga abin da ya zo a leda: golfish 4, oska 2, fileko 2, beta maza 2, da wasu 2 masu jiki kamar gilashi da zanen ruwan hoda a gadon baya. Duk 'yan mitsi-mitsi, ba wanda ya kai tsawon yatsa. Sai da ƙanin mijina ya zo, shi ya daɗe yana kiwon kifin ado, ya leƙa tankin ya yi shiru, sannan ya ce, "Anti, wa ya haɗa miki waɗannan?" Wallahi kunyar da na ji a gaban yarana ba ta misaltuwa.

Babu wada ko ɗaya a ciki, 'ya'yan manyan kifi ne. Oska yana kai santimita 30, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake. Irin filekon da ya ba ni, wanda ya ce shi ne "mai shara" da zai riƙa lashe gilashi, yana wuce santimita 30, kuma kashin da yake yi ya fi abin da yake lashewa. Golfish na iya kai santimita 20 ko fiye, yana shekara 10 zuwa sama in ya sami wuri, kuma ruwa mai sanyi yake so. Su oska da beta kuwa ruwa mai ɗumi suke so, wajen digiri 24 zuwa 27. To ta yaya za su zauna ruwa ɗaya? Beta maza biyu kuma, duk wanda ya taɓa sayar da kifi ya san ba a haɗa su. Tun daren farko suka yayyage wa juna jela. Masu ruwan hodan nan ashe rini aka yi musu da allura, launin kan kode, da yawansu kuma ba sa daɗewa. Zancen kifi daidai gidansa yake girma shi ma yaudara ce: tsumburewa yake yi saboda ƙunci da gurɓataccen ruwa, ya yi ta ciwo har ya mutu.

Af, na tsallake maganar kwalbar maganin da ya aiko min.  Ya ce in ɗiga maganin a ruwa in zuba kifin nan take, duka 12, ba sai na jira komai ba. Kwalba ba suna ba rubutu. Ashe sabon tanki sai ya yi kamar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna a matatar ruwa. Su ne ke juya amoniyar da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci ta koma naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. Kafin nan amoniya taruwa take yi tana ƙona musu wurin numfashi, kuma a lita 20 ba ta da inda za ta tsarge. Ina kallo suka taru a saman ruwa suna haki, ruwan ya yi fari-fari, wasu jikinsu ya feso da fararen ɗigo. Ƙaramar 'yata ce ta fara ganin na farko yana yawo ciki sama.

Kuma fa ya yi alkawari. Ya ce in biya duka kafin ya aiko, wai kifi ba ya jiran ciko, amma duk wanda ya mutu a makon farko zai canza min. Na biya duka, ba ragi ba saura. Da na tura masa hoton matattun sai ya ce abinci na cika musu. Ni da nake ba su daidai yadda ya ce! Sai kuma ya ce in sake turo kuɗi ya aiko wata kwalbar "mai ƙarfi". Da na ce ƙanin mijina ya faɗa min sunayensu da girman da suke kaiwa, ya karanta, ya yi shiru, daga nan ya toshe ni. Tun lokacin da na ce masa lita 20 ya kamata ya ce min a'a. Kalma ɗaya ce. "Tsakanina da ke amana ce," haka ya ce.

Ina da komai: hirarmu, saƙon muryar, shaidar tura kuɗi, hoton ledar da na matattun. Zan saka su da zarar na rufe lambobin asusu, ku gani da idonku.

Mai ƙaramin tanki, ya nemi sunan kifin, ya duba girmansa in ya manyanta kafin ya biya. Lita 20 beta ɗaya ne, shi kaɗai, da matatar ruwa. Kada ka zuba kifi ranar da ka cika ruwa, kada ka biya duka kan kifin da ba ka gani ba.

Cikin 12 saura 3: oska ɗaya, fileko ɗaya, beta ɗaya. Betan zan riƙe. Mai babban tanki da zai iya karɓar sauran biyun ya yi min magana, kyauta zan ba shi, kullum sai na canza musu ruwa kuma ba za su jure haka ba.